Launin ƙusa da darajar mota: yadda Amurkawa ke maido da tsoffin motocinsu yadda suka bar masana'anta

A watan Yunin 2014, a birnin Seattle na ƙasar Amurka, kamfanin gwanjon motoci na Mecum ya sallama wata tsohuwar mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971, mai buɗaɗɗen rufi, a kan Dala miliyan 3.5. A lokacin motar ta haura shekara arba'in a duniya. Ba ta da kwamfuta, ba ta da jakar iskar da ke kare direba, kuma shan manta kaɗai ya isa ya firgita duk mai jiran albashin ƙarshen wata. Abu biyu aka saya da wannan kuɗi. Na farko ƙaranci, domin irinta da aka ƙera a shekarar ba su wuce goma sha biyu ba. Na biyu asali, domin injin da ke cikinta shi ne wanda aka saka mata a masana'anta, kuma akwai takardar da ta tabbatar da hakan.

A kasuwa irin wannan, maganar asali ba ta tsayawa kan inji da giya. Tana gangarowa har kan ƙusoshi masu haƙori da ake ɗaurewa da sifana, da notina, da washa, da sifirin, da 'yan ƙananan maƙalai waɗanda mai mota na yau da kullum zai shekara ashirin bai ɗaga ido ya dube su ba. Kowannensu ya fito daga masana'anta da irin nasa rufin da ke kare shi daga tsatsa, kowane rufi kuma da launinsa. Mai gyaran da ya maido da motar tsaf amma ya kuskure waɗannan launuka, a idon masana bai gama aiki ba, kuma a ranar sayarwa aljihun mai motar ne zai ji a jikinsa.

Motocin da ake magana a kansu Amurkawa na kiransu da sunan da ma'anarsa ita ce masu ƙwanji. Dabarar ƙera su ba ta da wuya: a ɗauki matsakaiciyar mota mai araha, a cusa mata injin babbar mota mai silinda takwas. Akasarin masu bin tarihin motoci suna fara lissafi daga 1964, shekarar da sashen Pontiac na kamfanin General Motors, ƙarƙashin injiniya John DeLorean da abokan aikinsa, ya fitar da GTO mai inji lita 6.4. An sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko, sai sauran kamfanonin birnin Detroit suka bi sahu. Chevrolet ta fito da Chevelle SS 454, wadda samfurinta mafi ƙarfi na 1970 aka ce yana da ƙarfin dawaki 450. Chrysler ta saka injin Hemi mai ƙarfin dawaki 425 a motocin Plymouth da Dodge, Ford kuma ta yi Mustang Boss 429. Zamanin bai yi tsawon rai ba. Tsadar inshora, da dokar tsabtace iska ta 1970, da takunkumin man fetur na 1973 suka taru suka karya shi kafin ya cika shekara goma.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba a ƙera motocin nan don a ajiye su a gidan tarihi ba. Motocin samari ne, ana harhaɗa su cikin gaggawa a layukan da ke iya fitar da mota hamsin ko fiye a awa guda. Rufin da ke kan kowace ƙusa an zaɓe shi ne da lissafin kwabo: wane ne mafi araha da zai hana ta tsatsa har a sayar da motar ta yi 'yan shekaru? Ga abin mamakin sana'ar ke nan. Mai gyara na yau yana kashe maƙudan kuɗi da watanni domin ya maido da tsimin da akantocin Detroit suka yi shekara hamsin da suka wuce.

Rufi iri-iri a ƙarƙashin bonet guda

Wanda ya buɗe bonet ɗin Camaro ta 1969 da ba a taɓa warware ta ba, idan ya goge ƙura da baƙin mai, zai ga ƙarfe ba launi ɗaya ba ne. Mafi yawan ƙusoshin bodi baƙi-baƙi ne ko ruwan toka mai duhu, ba sa ƙyalli, kuma idan aka shafa su ana jin ɗan kaushi. Wannan shi ne rufin fosfet. Ana tsoma tsabtataccen ƙarfe a cikin ruwan sinadari mai zafin kusan digiri 90, ruwan ya ci fuskar ƙarfen ya bar wasu mitsi-mitsin duwatsu manne da ita. Su kaɗai ba sa hana tsatsa sosai. Amfaninsu shi ne suna shan mai kamar soso, shi ya sa a takardun kamfanoni ake rubuta rufin da sunan fosfet da mai, a haɗe. Iri biyu ne: na tutiya ya fi haske, na manganis ya fi duhu ya kuma fi jure gogayya. Irin wannan rufin ne ke kan bindigogin sojan Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shi ne ke kan maƙalan da bonet ke buɗewa a kansu a motocin Chevrolet da Ford na wancan zamani.

Akwai wani baƙin daban, wanda ake samu ta dafa ƙarfe a ruwan soda mai zafin kusan digiri 140 har fuskarsa ta rikiɗe ta yi baƙi sumul. Ya fi fosfet santsi da siranta, ya kuma fi shi saurin tsatsa. Daga nesa su biyun kamar ɗaya ne. Alƙalin gasa da ke riƙe da tocila ba daga nesa yake dubawa ba.

Sai masu haske, waɗanda aka yi musu ruwan wani ƙarfen da lantarki, kamar yadda ake yi wa sarƙa ruwan gwal. Ruwan tutiya yana ba da fari mai ɗan shuɗi-shuɗi. Ruwan kadmiyam yana ba da fari mai laushi, kamar tsohuwar azurfa, ba ya walƙiya. Kowannensu ana iya sake tsoma shi a wani ruwan mai sinadarin kuromiyam, sai ya fito ruwan gwal mai ratsin ja da kore idan haske ya dake shi. Gangar ƙarfen da ke ƙara wa birki ƙarfi a motocin General Motors, da murfin tukunyar man birki, su ne inda aka fi ganin wannan launi. Masu sha'awar motoci sun saba kiran duk wani ruwan gwal da sunan kadmiyam, alhali da yawa daga ciki tutiya ce.

Wasu sassan kuma ba a yi musu komai ba. Zubin baƙin ƙarfe, da wasu sandunan sitiyari da na ƙafar mota, haka suka fito tsirara, suna fara jan tsatsa tun motar na filin dila. Hatta baƙin fenti ba ɗaya ba ne, akwai mai ƙyalli sosai, akwai matsakaici, akwai dusasshe, kowanne da inda aka fesa shi.

Ford ta sauƙaƙa wa na baya aiki ba tare da ta yi niyya ba. A ƙarshen lambar kowace ƙusa a kundinta akwai harafin S da wata lamba da ke faɗin irin rufin: S2 fosfet da mai, S7 kadmiyam, S8 tutiya, S36 tutiya mai ruwan gwal. Ƙusa ɗaya, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, tana iya zuwa da rufi uku, ya danganta da inda za a ɗaura ta. Kamfanin AMK Products da ke jihar Virginia, wanda ke sayar wa masu gyara ƙusoshi irin na asali, ya tattara irin waɗannan bayanai na Ford a littafi guda. A ɓangaren Chevrolet kuwa abin dogaro shi ne littafin harhaɗa mota da injiniyoyi suka zana wa ma'aikatan masana'anta, mai nuna lambar kowace ƙusa da gurbinta.

Sai dai takarda umarni take faɗa, ba lalle abin da ya faru ba. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san tazarar da ke tsakanin abin da sakula ta ce da abin da aka aiwatar. Kamfanonin motoci ba su suke ƙera ƙusoshinsu ba, saye suke yi daga 'yan kwangila da dama, kowanne da tambarinsa a kan ƙusar. RBW tambarin Russell, Burdsall and Ward ne, RSC na kamfanin Rockford Screw. Lamba ɗaya tana iya zuwa daga kamfani uku, ma'aikaci kuma abin da ya tarar a akwatin gabansa shi zai ɗaura. Ga kuma bambancin masana'antu. Ana harhaɗa Camaro a Norwood ta jihar Ohio da Van Nuys ta Kalifoniya, Mustang kuma a Dearborn, da San Jose, da Metuchen, kuma kowace masana'anta da al'adarta, har launin fentin share fage da ke ƙarƙashin mota ya sha bamban. Abin da ya dace da Mustang ɗin San Jose ta watan Oktoba yana iya zama kuskure a kan ta Dearborn ta watan Afrilu.

Me aka fara ɗaurawa?

Akwai tambayar da ta fi ta launi wuya, wato ko ƙusar ta sha fenti ko ba ta sha ba. Amsar tana cikin jerin yadda aka harhaɗa motar. Chrysler takan ɗaura fenda da ƙofofi da maƙalan bonet a jikin mota kafin ta shiga ɗakin fenti, ta kuma fesa wa ɗakin inji launin motar. Saboda haka a 'Cuda ko Charger, ƙusoshin fenda launin motar suke ɗauke da shi. A General Motors wani sashe ne mai suna Fisher Body ke ƙera gangar jiki ya fente ta, a fente ƙarafan gaba daban, sannan a haɗa. Ƙusoshin fendar Camaro ko Chevelle ba su taɓa ganin fenti ba, baƙin fosfet ɗinsu a fili yake. Mai gyaran da ya saba da ɗaya ya ɗauki al'adarta ya kai wa ɗayar, an gane shi kafin ya gama buɗe bonet.

Haka batun inji. A masana'antun Chevrolet na Flint da Tonawanda sai an harhaɗa inji ake fesa masa fentinsa mai ruwan lemo, cikin hanzari, don haka fentin ya rufe kawunan ƙusoshi, ya fantsamu inda ba a nufa ba, ya kuma kasa kaiwa wasu lunguna. Mai gyara mai son tsabta zai so ya fente kowane sashe shi kaɗai, ya ɗaura sababbin ƙusoshi masu sheƙi a kai. Injin zai fi na asali kyau nesa ba kusa ba, kuma kyan nan shi ne laifinsa. Manyan masu sana'ar suna kwaikwayon fantsamar fentin da gangan. Suna maido da ɗigon fenti mai launi da masu duba aiki kan diga a kan ƙusa don nuna an ɗaure ta, da rubutun alli da ke bangon da ya raba inji da mazaunin direba.

Shaidar da ke ƙarƙashin datti

Tunda littafi ba ya faɗin komai, babban mashaidi shi ne motar kanta. A nan ne aka fi yin asarar da ba ta da magani. Al'adar masu gyara ta da ita ce a kwance komai, a zuba a bokiti, a kai wa injin feshin yashi ya kankare tsatsa, sannan a yi wa duka ruwan tutiya mai walƙiya. A yini guda an shafe bayanin da ya shekara hamsin yana jira. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ƙwararru yanzu suna tafiya ne kamar masu binciken kayan tarihi. Kafin sifana ta taɓa ƙusa an ɗauki hotonta a gurbinta. Idan an kwance ta, a saka ta a 'yar leda a rubuta daga inda ta fito. Fuskar da ke waje ta riga ta yi tsatsa, amma ƙarƙashin kan ƙusar, da bayan washa, da haƙoran da ke cikin rami, galibi suna nan da launinsu na farko. Daskararren giris da baƙin mai, waɗanda kowa ke ƙyama, su ne suka fi komai adana rufi, shi ya sa ƙarafan da ke kusa da inji mai yoyo sukan fito kamar jiya aka yi su. Wanki ma da hattara ake yi, domin ruwan asid yana cinye tutiya cikin mintuna, kuma magungunan cire tsatsa da yawa suna tafiya da fosfet. Inda ido ya kasa rarrabe kadmiyam da tutiya, akwai na'urar hannu da ke haska ƙarfe ta faɗi sinadaran da ke fuskarsa.

Akwai wani tarko da ke kama masu kuɗi musamman. Kayan gyara na asali da suka yi shekaru a kantin dila cikin kwalinsu, ba a taɓa amfani da su ba, suna da tsada ƙwarai. Amma kamfani ya ci gaba da ƙera kayan gyara shekaru bayan an daina ƙera motar, kuma sau da yawa da wani rufin daban. Mutum zai biya kuɗi mai yawa ya sayi abin da kwalinsa na gaske ne, lambarsa ta gaske ce, amma irinsa bai taɓa hawa mota a layin masana'anta ba.

Muhimmancin wannan shaida ya fi fitowa a motocin Chevrolet. Mai Mustang ta 1967 zuwa sama yana iya neman rahoton Marti, wanda ake cirowa daga bayanan Ford na asali, ya ga ranar da aka ƙera motarsa da duk abin da aka saka mata. Mai GTO yana da ofishin adana tarihin Pontiac. Irin wannan kundi na motocin Chevrolet da aka sayar a Amurka a shekarun bai wanzu ba, sai na waɗanda suka bi ta Kanada. Mai Chevelle da bai yi sa'ar tsintar takardar harhaɗa motarsa a cikin sifirin kujera ko a saman tankin mai ba, ƙarfen motar ne kaɗai zai yi masa shaida. Kuma tunda ana iya ɗaukar Chevelle ta talakawa a saka mata babban inji da tambari a kira ta mai tsada, mai saye da ya san abin da yake yi yana duba ƙananan abubuwan da ɗan damfara ke mantawa da su.

Alƙalai da tocila

Ƙa'idojin da ake bi yau sun samo asali ne daga masu motar Corvette, wadda a tsantsar magana motar tsere ce ta mutum biyu, ba ta cikin masu ƙwanji. Ƙungiyarsu ta masu gyara, NCRS, da aka kafa a 1974, tana auna mota a kan maki 4,500, kuma sai wadda ta samu kashi 94 cikin ɗari ake ba lambar yabo ta sama. Wato maki 270 kaɗai mota za ta iya zubarwa. Wajen auna asali, abu biyar ake dubawa a kowane sashe: siffarsa, da kwanan watan da ke jikinsa, da cikarsa, da yadda aka ɗaura shi, da rufinsa. Ƙusa ɗaya ba ta kayar da mota. Amma wanda ya yi wa duk ƙusoshinsa ruwa iri ɗaya, kuskuren zai bi shi shafi bayan shafi, maki ɗaya nan, biyu can, har ya zame ƙasa da layi.

Ƙungiyar masu Mustang ta Amurka, wadda aka kafa a 1976, tana da wani aji da ba a yarda da kayan kwaikwayo ko ɗaya a cikinsa, sai na asali. Duk watan Nuwamba kuma, a garin Rosemont da ke gefen Shikago, ana babban baje kolin motoci masu ƙwanji da Corvette, inda za a ga dattawa durƙushe da madubi da tocila suna leƙen ƙarƙashin mota. Mai kallo daga waje zai iya ɗaukar abin a matsayin wasan masu hannu da shuni, kuma akwai ƙamshin gaskiya a hakan. Amma takardar sakamakon tana bin motar zuwa wurin gwanjo, kuma masu saye da ita suke yanke farashi.

Kyan ɗan maciji

Ko mutum ya san ainihin rufin da yake nema, samunsa wata magana ce. Kadmiyam guba ne. Shi ya haddasa cutar itai-itai a yankin Toyama na Japan, inda ruwan ma'adinai ya gurɓata gonakin shinkafa, mutane suka yi fama da ciwon ƙoda da laushin ƙashi, har gwamnatin ƙasar ta amince da musabbabin a 1968. Shi da nau'in kuromiyam ɗin da ke ba da ruwan gwal duka suna cikin jerin abubuwan da hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar suna jawo cutar. Tarayyar Turai ta yi doka a 2000 da ta hana amfani da su a sababbin motoci, tare da dalma da makuri, Amurka kuma ta tsaurara ƙa'idojin kare ma'aikata da na zubar da ruwan masana'antu. Masu yin ruwan kadmiyam sun ragu ƙwarai, kuma waɗanda suka rage akasari aikin jiragen sama da na soja suke yi.

Haɗarin yana shiga har garejin gida. Wanda ya ɗora tsohuwar ƙusa mai kadmiyam a kan burushin waya, ko ya hura mata wutar walda don ta kwance, ƙura da hayaƙin da ke tashi huhunsa suke shiga.

Abin da ya maye gurbin tsohon ruwan gwal, wani nau'in kuromiyam ne marar haɗari sosai, amma launinsa bai kai ba: rawaya ce shimfiɗaɗɗiya, ba ta da ratsin ja da kore na da. Tutiyar zamani ma ana zuba mata sinadaran ƙara haske, sai ta fito tana walƙiya fiye da ta 1969, har mai gyara ya roƙi mai ruwa ya dusashe masa ita. Kamfanin Eastwood yana sayar da fentin gwangwani hawa-hawa, ruwan gwal a ƙasa, a ɗan fesa ja da kore a sama, don kwaikwayon launin. A hoto yana wucewa, amma a gaban alƙali da wuya. Fosfet kuwa ana iya yinsa a gida da tukunyar ƙarfe marar tsatsa da murhu, sai dai duhunsa yana bin irin ƙarfen, ƙusa biyu daga tukunya ɗaya su fito ɗaya ta fi ɗaya baƙi. Masu sana'ar ba sa damuwa da wannan, domin haka suke a motocin da ba a taɓa ba.

Inda launi ke taɓa rai

Akwai wurin da maganar ta wuce maki da kuɗi. Ƙusoshin Amurka na wancan zamani da inci ake auna su, kuma ƙarfinsu yana rubuce a kansu da 'yan layuka: layi uku daraja ta 5, layi shida daraja ta 8. Sun yi daidai da masu lamba 8.8 da 10.9 da makanikai suka saba gani a motocin Turai da Japan. Masu ƙarfin su ne ke riƙe da sitiyari da birki da ƙafafun mota.

Idan aka wanke ƙarfe mai tauri da asid, ko aka yi masa ruwa da lantarki, ƙwayoyin haidurojin suna kutsawa cikinsa. Ba a ganin komai. Ƙusar za ta ɗauru lafiya, sai bayan awoyi ko kwanaki ta tsinke kamar busasshen kara, ba tare da ta lanƙwasa ta yi gargaɗi ba. Iya taurin ƙarfe iya haɗarinsa, shi ya sa sifirin da ƙusoshi masu layi shida suka fi shiga matsala. Maganin sananne ne: a gasa kayan a tanda mai zafin kusan digiri 190 na awoyi da dama, a kuma fara gashin cikin awa huɗu da fitowarsu daga ruwa. Ƙaramin mai ruwa da ya saba da kayan ado ba lalle ya yi hakan ba sai an nema. Matsalar ba ta ƙananan masu sana'a kaɗai ba ce. A watan Maris na 2013, a sabuwar gadar da ta haɗa San Francisco da Oakland, manyan sandunan ƙarfe 32 cikin 96 suka tsage 'yan kwanaki bayan an ɗaure su, kuma bincike ya ɗora laifin a kan haidurojin.

Rufi yana canza ɗauri ma. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da ake sa wa sifana gogayya ce ke cinye shi, ɗan abin da ya rage ne ke matse ƙarafan. Kadmiyam yana da santsi, fosfet mai mai ma haka, busasshiyar tutiya kuwa tana da cizo. Adadin ɗaurin da littafin kamfani ya rubuta an lissafa shi ne da rufin asali. Wanda ya sauya rufi ya bi tsohon adadin, ko dai ya bar ƙusar sako-sako ko ya ja ta fiye da ƙima. Su kuma ƙusoshin ƙarfe marar tsatsa da ake sayarwa a kanti, waɗanda ke burge masu son walƙiya, akasarinsu ba su kai daraja ta 8 ƙarfi ba. Saboda haka masu gyara da dama suna raba kayan gida biyu. Ƙusoshin bodi da na ado a farfaɗo da na asali saboda tambarinsu, waɗanda rai ya rataya a kansu kuwa a sayi sababbi masu irin tambarin da rufin, a adana tsofaffin a leda su bi motar.

Ko an yi komai daidai, rufin asali ba ya daɗewa, domin tun farko ba a yi shi don ya daɗe ba. Fosfet sai ana sabunta masa mai, tsiraran ƙarfe kuma raɓar dare ɗaya ta isa ta sa shi ja. Daga nan aka samu motocin da Amurkawa ke yi wa ba'a da sunan sarauniyar tirela, masu ƙarfin dawaki 400 da ba sa taka kwalta, daga ɗaki mai na'urar busar da iska sai cikin akwatin tirela sai dandalin gasa. Ƙungiyar masu Mustang ta raba gasarta ta asali gida biyu saboda haka, ajin waɗanda ake tuƙawa da ajin waɗanda ake ɗaukowa. Wanda ke son ya ji ƙarar injinsa a kan hanya yakan zaɓi fentin da ke kama da zubin ƙarfe, ya haƙura da 'yan maki.

A 'yan shekarun nan hankalin masana ya ƙara karkata ga motocin da ba a taɓa gyarawa ba. Bikin Bloomington Gold na masu Corvette, wanda aka fara a 1973, shi ya fito da lambar yabo ta musamman ga motar da ta tsira da fentinta da kayanta na asali, ko da sun koɗe. Baje kolin Rosemont ma yana ware fili ga motocin da aka zaƙulo daga rumbuna da tsoffin gareji, a jera su da ƙurarsu da tayoyinsu a sace. Masu gyara suna zuwa wurin da kyamara da littafin rubutu, su nemi izinin mai mota, su kwanta a ƙasa suna ɗaukar hoton tambarin da ke kan ƙusoshin fenda, suna rubuta masana'antar da motar ta fito da makon da aka ƙera ta.